Raunin Tiyatar Sankarar Baki Da Maganin Da Ya Riga Shi



Zancenmu na yau na asibiti ne, kan wani abu da ba kasafai ake zaunar da dangin majinyaci a yi musu bayaninsa ba. Mutum ne ciwon daji ya kama shi a baki, wanda wasu ke kira sankara, wasu kansa: a gefen harshe, ko a dasashi, ko a cikin kunci, ko can ƙarƙashin harshe. Likitoci suka ce sai an yi masa aiki, amma za a fara da magani na wasu makonni tukuna. Aka yi maganin, ƙarin ya ɗan saɓe, aka shiga da shi ɗakin tiyata, aka fito lafiya, kowa ya yi hamdala. Ana cikin haka, bayan kamar mako guda, sai ɗinki ya fara sakewa, ko a ga yawu yana tsattsafowa ta wuya. Nan take sai surutu ya tashi a bakin ɗakin jinya. Wannan ya ce likitan ne bai iya ɗinki ba, wancan ya ce ai dama an faɗa, daji ba ya son ƙarfe. Sau da yawa duk ba a nan gizo ke saƙar ba. Kamawar rauni ko ƙin kamawarsa, yawanci tun makonnin da suka gabaci ranar aiki ake shirya su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kusan mutum 390,000 ne suka kamu da sankarar leɓe da baki, kimanin 188,000 kuma suka rasu. Kaso mafi tsoka yana Kudancin Asiya, musamman Indiya, inda ake tauna taba haɗe da wani ɗan itace da suke naɗewa a ganye. A Sudan akwai tumbak, garin tabar da ake cusawa tsakanin leɓe da dasashi, wanda 'yan'uwanmu Hausawan can sun san shi sarai, kuma an daɗe da danganta shi da wannan cuta. Mu ma nan ga sigari, ga garin tabar da ake ƙunsawa a baki, ga barasa ga masu sha. Nan gaba za ku ji ina ambaton biranen Mumbai da Shanghai, don can ne aka yi wasu manyan gwaje-gwajen da likitocinmu ke dogara da su.

Bari mu fara da yadda rauni ke warkewa, in ba haka ba sauran zancen ba zai zauna ba. Zaren likita riƙe bakin rauni kawai yake yi, jiki ne ke yin haɗin. Da farko jini ya daskare ya toshe wurin. A kwana uku zuwa huɗu na farko fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi, su cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama, shi ya sa wurin ke kumbura ya yi zafi. Daga nan har wajen mako uku, sababbin jijiyoyin jini ƙanana su tsiro su shiga wurin, wasu ƙwayoyin halitta kuma su riƙa yin sabon naman da zai ɗaure wannan gefe da wancan. Sai kuma tabo ya yi ta ƙara ƙwari wata da watanni, har shekara, ko da yake ba ya wuce kamar kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali. Duk wannan aiki yana buƙatar jini mai gudu, da iskar oksijin, da abinci mai gina jiki, da ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa. Ku riƙe wannan na ƙarshen. Maganin sankara an yi shi ne don ya kashe ƙwayoyi masu saurin hayayyafa, kuma ba ya tantance na cuta da na gyara.

Sannan raunin baki ya sha bamban da na cinya. Na cinya za a wanke shi a rufe, ya zauna a bushe. Na baki yana jiƙe dare da rana, don mutum yana fitar da yawu daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi kullum, kuma a bakin ɗan'adam akwai ƙwayoyin cuta iri ɗaruruwa. Harshe ba ya hutawa, haɗiya ba ta tsayawa ko ana barci. A aikin sankarar baki kuma galibi ana buɗe wuya a kwashe 'ya'yan kaluluwa, sai ya zama layin ɗinki guda ne ya raba baki mai yawu da wuya mai manyan jijiyoyi. In ya ɓalle, yawu ya sami hanya.

Idan abin da aka cire yana da yawa, ramin ba ya rufuwa sai an ciko nama daga wani sashe na jiki. A 1979 wani likita a Amurka, Stephan Ariyan, ya nuna yadda za a jawo tsokar ƙirji da fatarta a kai ta wuya da baki ba tare da an yanke jijiyarta ba. A farkon shekarun 1980 likitocin ƙasar Sin suka fito da ɗauko fatar hannu, daga saman wuyan hannu, tare da jijiyoyinta. A 1989 kuma David Hidalgo ya bayyana yadda ake gina muƙamuƙi da siririn ƙashin nan da ke gefen ƙwauri. Wanda ya taɓa ganin yaran da ake gyara wa fuska a asibitin masu zaizayar baki da ke Sakkwato, ya san yadda ciko da naman jiki yake.

A irin dashen da ake yanko naman gaba ɗaya, likita yana zama a kan madubi mai ƙara girma, ya ɗinke jijiyar da faɗinta bai wuce milimita 2 ko 3 ba da wata jijiya a wuya, da zaren da ido da ƙyar yake ganinsa. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne na zullumi. Ma'aikaciyar jinya za ta zo kowace awa da 'yar tocila, ta buɗe bakin majinyaci, ta danna naman da ɗan yatsa ta saki. In ya koɗe sannan kalarsa ta dawo cikin daƙiƙa biyu ko uku, alhamdulillahi. In ya yi duhu ya kumbura, jini ya shiga ya kasa fita. In ya yi sanyi ya koɗe ya ƙi dawowa, jinin ma bai shiga ba. Ko ƙarfe biyun dare ne sai an koma ɗakin tiyata. A manyan cibiyoyi fiye da kashi 95 cikin 100 na irin wannan dashe yana kamawa, amma fa sai wuyan yana da jijiyoyi masu rai da za a jona.

A nan ne zancen gashi ya shigo, wato maganin da ake yi da na'ura mai fitar da hasken da ido ba ya gani. Cikakken gashin baki da wuya zama 30 zuwa 35 ne, kwana biyar a mako, tsawon mako shida zuwa bakwai. Illarsa hawa biyu ce. Ta farko tana fitowa tun ana cikin yi: daga mako na biyu zuwa na uku baki ya saɓule ya yi miki, fatar wuya ta yi duhu ta ɗaye, yawu ya yi kauri. Wannan tana lafawa 'yan makonni bayan an gama. Ta biyun ce mai wuyar sha'ani, don a ɓoye take tafiya, kuma ƙaruwa take yi da shekaru. Ƙananan jijiyoyin jini suna yin kauri daga ciki suna tsukewa, wasu su toshe ɗungurungum. Ƙwayoyin da ke yin sabon nama su ragu, waɗanda suka saura su riƙa yin tabo mai tauri, har in ka taɓa wuyan wanda aka gasa bayan shekara guda ka ji fatar ta manne ba ta motsi. A 1983 wani likitan tiyatar baki Ba'amurke, Robert Marx, ya bayyana cewa irin wannan nama yana fama da ƙarancin abu uku: jini, da iskar oksijin, da ƙwayoyin halitta masu rai. Kowane tela ya san yadin da rana ta cinye. A ido lafiya lau yake, amma da an ja ɗinki sai ya yage, komai ƙwarin zaren.

Shi ya sa idan an shirya gashi kafin aiki akan rage yawansa, sannan a jira kamar mako huɗu zuwa shida, daidai lokacin da saɓulewar ta lafa amma taurin bai kankama ba. Aikin da ya fi ba likitoci wuya shi ne wanda ake yi bayan watanni ko shekaru, sa'ad da cutar ta dawo a wurin da aka riga aka gasa. A nan ɗinki ya fi ɓallewa, hudar da yawu ke bi ta fi yawa, ƙarfen da aka ɗaure muƙamuƙi da shi kan huda fata ya leƙo. Muƙamuƙin ƙasa ya fi shan wahala, don yawancin jininsa ta hanya ɗaya yake zuwa. In ta tsuke, ƙashin kan mutu a zaune, ya bayyana tsirara a cikin baki, ya ƙi rufuwa wata da watanni. Cire haƙori guda ɗaya a muƙamuƙin da aka gasa yana iya jawo wannan. Don haka ake tura majinyaci wurin likitan haƙori tun kafin a fara gashi, a cire ruɓaɓɓun haƙora, a ba dasashi kamar mako biyu ya warke. Wanda aka taɓa gasa wa baki kuwa, ko shekara goma ta wuce, don Allah kada ya bari kowa ya cire masa haƙori, balle mai cirewa a kasuwa, sai ya faɗi tarihinsa ga likita. Akwai kuma wani ƙulli a gaban wuya, wanda kumburinsa ne ake kira maƙoƙo. Gashi kan rage masa aiki, in aikinsa ya ragu rauni ya yi nawa, alhali gwajin jini kaɗai ya isa a gano, ƙwayar magani kuma ta gyara.

Wani bincike da aka fara a Amurka a shekarun 1970 ya kwatanta gashi kafin aiki da gashi bayan aiki a sankarar kai da wuya, aka ga na bayan aiki ya fi hana cutar dawowa a wurin. Daga irin wannan ne ƙa'idar da aka fi bi a yau ta samo asali: sankarar bakin da za ta yanku, a fara da tiyata, gashi ya biyo baya in akwai buƙata.

Sai maganin ƙarin ruwa, wanda a asibiti ake ce wa kemo. A sankarar baki an fi amfani da sisfilatin da wasu guda biyu da ake haɗa shi da su, duk bayan mako uku, zagaye biyu ko uku. Shi kemo ko'ina a jiki yake zuwa, ya taɓa ɓargo inda ake yin jini. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa shi fararen ƙwayoyin jini suna yin ƙasa ƙwarai, sai wajen mako na uku zuwa na huɗu su farfaɗo. Wanda aka yanka a tsakiyar wannan faɗuwa, an buɗe masa rauni ke nan ba mai tsaronsa. Shi ya sa ake jira, ake kuma ɗibar jini a duba kafin a sa ranar aiki.

Me aka samu da aka gwada? A birnin Milan na Italiya an raba majinyata 195 gida biyu, wasu aka fara musu da kemo, wasu aka wuce kai tsaye ɗakin tiyata. Sakamakon da aka fitar a 2003 ya nuna bayan shekara biyar waɗanda suka rayu daidai suke, kashi 55 cikin 100 a kowane ɓangare. Amma an yanke muƙamuƙin kashi 31 ne cikin 100 na waɗanda suka sha kemo, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 52. A Shanghai an yi makamancinsa da mutum 256, aka fitar a 2013: kemo bai ƙara yawan waɗanda suka rayu ba, kuma bai ƙara matsalolin aiki ba. A asibitin Tata da ke Mumbai an ɗauki mutum 68 waɗanda da ma za a yanke musu muƙamuƙi, cikin 34 da aka fara wa da kemo 16 suka tsira da ƙashinsu. Ni a ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da muƙamuƙi mutum ke tauna tuwo, da shi yake karatun sallah, da shi yake fita cikin jama'a ba tare da ya rufe fuska ba. Amma kada a ɗora wa kemo abin da bai yi alkawari ba. Ga zaɓaɓɓun majinyata yake da amfani, kuma illarsa ga rauni mai wucewa ce idan an kiyaye lokaci.

Inda ya fi yin ɓarna shi ne ta hanyar yunwa. Mai sankarar baki da ma ya daɗe ba ya cin abin kirki, haɗiya azaba ce, sai ɗan koko da ruwan shayi. Kemo ya zo ya ƙara masa tashin zuciya da miki a baki. Ranar aiki sai ka ga wando ya yi masa yawa, tafin hannu ya koɗe. Jikin da bai sami abin ci ba, da me zai yi sabon nama?

Akwai sabuwar hanya ta uku, maganin da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi sankara da kanta, wanda bincikensa ya sa aka ba James Allison da Tasuku Honjo lambar Nobel a 2018. A 2025 aka fitar da sakamakon gwajin ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna, wanda ake sayarwa da sunan Keytruda, a kan mutum 714 masu sankarar kai da wuya. An ba rabinsu zagaye biyu kafin aiki, aka ci gaba bayan aiki. Cutar ta fi jinkirin dawowa a wurinsu, kuma yawan waɗanda aka samu damar yi wa aiki bai ragu ba. A watan Yuni na shekarar hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Ba ya durƙusar da ɓargo kamar kemo, sai dai garkuwar da aka zaburar takan juya kan hanji ko hanta ko huhu, kuma maganin da ake kwantar da ita da shi yana rage saurin warkewar rauni. Tsadarsa kuwa ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu.

To me ya sa jinkirin warkewa ya zama abin damuwa haka, tunda ko ba daɗe rauni zai rufe? Saboda yawancin masu sankarar da ta yi nisa suna buƙatar gashi bayan aiki, kuma ƙa'ida ita ce a fara shi cikin mako shida. Ba a son gasa raunin da ke zubar da mugunya. Duk makon da ɗinki ya ci a buɗe, mako ne da ragowar ƙwayoyin cutar suka samu suna hayayyafa ba mai tare su.

Nan ne abin ya fi shafarmu. Yawancin mutanenmu suna isa asibiti cuta ta riga ta yi nisa, bayan an sha jiƙe-jiƙe, an shafa, wani ma an yi masa sakiya. Cibiyoyin gashi kaɗan ne: a arewacin Nijeriya ana zuwa irin su Zariya da Sakkwato da Abuja, a Nijar kuwa sai a 2021 aka buɗe ta farko a Yamai. Sai ka ga an yi kemo a wannan gari, aiki a wancan, gashi a wani, kowa da takardarsa. An yi zagaye biyu kuɗi suka ƙare, aka koma gida sayar da hatsi ko dabba, tazarar mako uku ta zama ta wata uku. Mafi ciwo shi ne wanda ƙari ya saɓe masa, ya ji ya fara haɗiye abinci, ya ɗauka ya warke, ya ƙi dawowa. Saɓewar nan dama ce ta 'yan makonni da aka buɗe wa likita ya yi aikinsa. In ta wuce, cutar tana dawowa, wani lokaci ta kai inda wuƙa ba za ta iya ba. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Kafin a sa ruwan farko, iyali su zauna da likita su tambaya: wace rana za a yi aiki, wa zai yi, ina za a yi gashi, nawa ne kuɗin duka daga farko har ƙarshe? Ina kuma roƙon likitocinmu, kada a fara wa mutum kemo don kawai a ga ana yin wani abu, alhali ba a tsayar da ranar tiyata ba.

Tsakanin magani da aiki kuwa akwai abin da ke hannun mai jinya, ba ya buƙatar na'ura. Abinci ne. Ƙwai, da madara, da nono, da kunun gyaɗa mai kauri, da wake da kifi da nama da aka dafa suka yi laushi aka markaɗa, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. In haɗiya ta gagara likita ya ce a sa robar hanci, kada a ɗauka alamar ƙarshe ce, hanyar kai abinci ce kawai, kuma da ita ake kare ɗinkin bayan aiki. Mai shan taba ya ajiye ta tun ranar da aka faɗa masa cutar, don tana tsuke jijiyoyin da dashen ya dogara da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2020 cewa wanda ya bar taba mako huɗu ko fiye kafin aiki matsalolinsa sun fi ƙaranci. Mai ciwon sukari a daidaita masa shi, mai ƙarancin jini a gyara. Kuma a faɗa wa likitan tiyata komai: kemo nawa aka sha, yaushe ne na ƙarshe, an taɓa yin gashi, wane maganin gargajiya ake sha. Ba faɗa zai yi ba, da wannan bayani yake zaɓar inda zai yanka da naman da zai ciko.

Bayan an sallamo majinyaci, 'yan'uwa su sa ido. In wuya ya kumbura ya yi zafi, in zazzaɓi ya tashi, in wari ya sauya, in aka ga ruwa mai kama da yawu yana fita ta ɗinki musamman lokacin shan wani abu, a koma asibiti a ranar, kada a shafa komai a kai. In kuwa jini ne ja wur ya ɓullo daga wuya ko baki, ko kaɗan ne ya tsaya da kansa, a tafi nan take ko tsakar dare ne, don yana iya zama gargaɗin babbar jijiyar wuya, musamman ga wanda aka taɓa gasawa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.